Kafin ka goge Windows ka ɗora Trisquel

Daren da na ɗora Trisquel, wani nau'in Linux da ke maye gurbin Windows, a laftof ɗina, wata tsohuwar ThinkPad T430 da na saya ta hannu a Titin Beirut, komai ya tafi salin-alin. Na sake kunna ta, ta tashi da sauri kamar ba ita ba, na kai linzami ƙasan allo don in kama Wi-Fi. Wayam. Ba sabis ne ya yi rauni ba, kwamfutar ce ma ba ta san tana da katin Wi-Fi a cikinta ba. Windows kuwa na riga na goge shi ƙarƙaf, ga babi na huɗu na furojet ɗin wata ɗaliba yana jirana a imel, na kuma yi mata alkawarin safiya. Sana'ata ke nan, buga takardu da gyara rubutu da ɗan fassara. Igiyar caji ce ta fisshe ni a daren: na jona waya da laftof, na shiga saitin wayar na kunna raba intanet ta USB, nan take ta kama.

Laifin nawa ne ni kaɗai. Da na ba gwaji rabin sa'a kafin in goge, da na san abin da ke jirana. Wannan rubutu bayanin gwajin ne, da farashin da za ka biya idan ka ga za ka iya.

Mu fara raba kyauta da 'yanci, don a nan ake ruɗewa. In ka ce wa mai gyaran kwamfuta Linux kyauta ne, dariya zai yi maka, domin Windows ɗin da yake ɗora wa mutane ma ladan aikinsa kawai ake biya, ba mai tambayar lasisi. Abin da Richard Stallman ya faro da shirin GNU a 1983, ya kafa wa gidauniyar FSF mai kare 'yancin manhaja a 1985, ba maganar kuɗi ba ce. Abu huɗu ne: ka yi amfani da manhaja yadda ka ga dama, ka karanta rubutun asalinta ka gyara, ka ba wani kwafi, ka kuma raba gyaran da ka yi.

To ai Ubuntu da Mint ma Linux ne, me ya raba su da Trisquel? Ƙulli. Na'urori da yawa da ke cikin kwamfuta, katin Wi-Fi da na hoto da na Bluetooth, suna da 'yar ƙwaƙwalwa tasu, kuma ba sa motsi sai an loda musu wata 'yar manhaja duk lokacin da aka kunna. Ita ake kira famwe. Kamfanin da ya ƙera na'urar yakan ba da ita a ƙulle, ka karɓa ka zura, ba ka ganin abin da ke ciki. Ubuntu da Mint da Fedora suna tafe da waɗannan ƙulle-ƙulle don komai ya yi aiki. Trisquel ya ƙi. Yana amfani da Linux-libre, wato kenel ɗin Linux, zuciyar tsarin, da aka tsince ƙullayen daga cikinsa, aikin da ake yi tun 2008 ƙarƙashin reshen FSF na Latin Amurka. Shi Trisquel daga yankin Galisiya na Sifaniya ya fito, a kan Ubuntu aka gina shi, kuma na 11, mai suna Aramo, ya fita a Maris 2023. Akwai 'yan uwansa da FSF ta amince da su, irin su PureOS da Parabola da Guix, amma wanda bai taɓa ba ya fara da Trisquel, sauran sai wanda hannunsa ya faɗa.

Gwajin filashi

Kafin ka sauke komai, ɗauki biro ka rubuta duk abin da ka yi da kwamfutarka a sati biyun da suka wuce, har da kallon fim. Ka rubuta duk abin da kake jona mata: firinta, sikana, modem, na'urar ɗaukar zanen yatsa, lasifikar Bluetooth. Wannan takardar ce alƙalinka, ba ni ba.

Sai ka sauke Trisquel daga shafinsu, da datar dare in kana tattali, ka rubuta shi a filashi mai giga 8 da Rufus. Ka shiga BIOS, saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka kashe Secure Boot, ka tashi kwamfutar daga filashin. A Lenovo da Dell F12 ake dannawa, a HP kuma F9. Zaɓi gwadawa ba tare da ɗorawa ba. Duk abin da ka yi a nan ba ya taɓa faifanka, kana zare filashi kwamfutarka ta koma yadda take.

Fara da Wi-Fi, domin a nan aka fi yin asarar rai. Buɗe taminal, tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta lspci | grep -i net, zai faɗa maka wanda ya ƙera katin. In ka ga Intel, irin wanda ke cikin tawa, ka haƙura tun yanzu. Broadcom da Realtek ma akasarinsu haka. In ka ga Atheros mai lamba AR9285 ko AR9280 ko makamantansu, ka dace, waɗannan ba sa neman ƙulli. Don ka tabbatar, rubuta sudo dmesg | grep -i firmware. Duk layin da ka ga an ce "Missing Free firmware", wata na'ura ce a cikin kwamfutarka take kuka ba a ba ta abincinta ba.

Mafita uku ce. Ta farko ita ce wadda ta cece ni, waya da igiya, ko igiyar intanet ta ofis in akwai. Yawancin MiFi ma in ka jona su da igiya suna kamawa. Ta biyu, ka canza katin ciki da na Atheros. Araha ne, amma wasu tsofaffin Lenovo da HP suna da jerin katunan da BIOS ya yarda da su, kana saka baƙo ThinkPad za ta tsaya cak ta nuna kuskure mai lamba 1802, ba za ta tashi ba sai ka cire. Sababbin laftof kuma da yawa an liƙe katin da allon ciki, ba ya ciruwa. Ta uku, ɗan filashin Wi-Fi na USB mai ƙwayar AR9271, wadda aka saki famwe ɗinta a buɗe a 2013.

A nan na sake cin wani dukan. Na karanta cewa TP-Link TL-WN722N yana da wannan ƙwaya, na je kasuwa na ambaci lambar, yaron shago ya miƙo kwali, na biya na taho. Ban juya bayansa ba. Ashe na farko ne kawai, mai V1, yake da Atheros, V2 da V3 Realtek ne a ciki, suna ɗaya, kamanni ɗaya. Da na koma washegari yaron ya ce, "Haba Malam, ai wannan shi ne sabon, ya fi wancan. Kuma ka ga ka ɓare." Gaskiyarsa. Tun daga ranar ba na sayen irin wannan sai da laftof a jaka. In jona a gaban mai shago, in rubuta lsusb, in na ga 0cf3:9271 in biya, in ban gani ba in ce Allah Ya ba da kasuwa. Wanda nake amfani da shi yanzu ba ya da ko suna a jiki, a cikin kwandon tarkacen wani mai gyara na tsinto shi.

Ka san iyakarsa: layin 2.4 kawai yake kamawa, gudunsa a takarda bai wuce megabit 150 ba, kuma Wi-Fi na zamani, na 5 da na 6, duk da ƙulli suke aiki. Ni bai dame ni ba, datar da nake saya ba ta taɓa kai shi bango ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ya cinye mini rami ɗaya na USB, kuma kullum ina fargabar ya karye a jaka.

Sauran gwajin da sauri ake yi. Kunna bidiyo ka cika allo da shi. Katin hoto na Intel, musamman tsoho irin HD 4000 da ke cikin T430, lafiya lau. Na AMD yana buƙatar ƙulli kafin ya yi gudu, ba shi za ka ga bidiyo yana ɗingishi, fanka tana huci. Na Nvidia, tsofaffi har zuwa jerin GTX 700 suna taɓukawa da direban nouveau, na bayansu kuwa sai famwe mai sa hannun kamfanin. Gwada sauti, don wasu sababbin laftof shiru za ka ji. Gwada kyamara. Rufe murfin ka buɗe ka ga ko za ta farka. Bluetooth ka sa a ranka ba zai yi ba, in ya yi ka gode Allah. Ƙa'idar da na lura da ita: kwamfutar da ta shekara goma ta fi sabuwa dal zama lafiya da wannan tsari, abin da ya yi daidai da kasuwarmu ta kayan hannu.

Sai firinta. Kar ka yarda da ganin sunanta a allo, buga shafi ka riƙe a hannu. HP LaserJet 1020, wadda kusan kowane shagon buga takardu ya taɓa mallaka, da 'yan uwanta 1018 da P1005, ba sa ajiye famwe a jikinsu. Duk sanda aka kunna su sai kwamfuta ta tura musu, kuma a ƙulle yake, Trisquel ba zai kawo maka shi ba. A garin da ake ɗauke wuta sau biyar a yini, sau biyar ke nan. Waɗanda suke jin yaren PCL ko PostScript, irin LaserJet 1320 da P2055dn, ba ruwansu da wannan, haka ma sababbi masu bugawa ta hanyar sadarwa ba tare da direba ba.

Inda mutane suke shigowa

Matsalar ƙarfe da kuɗi kaɗan ake kashe ta, sau ɗaya. Wadda ba ta ƙarewa ita ce ta mutane, domin kai ne ka yi hijira, abokan hulɗarka suna nan inda ka bar su.

LibreOffice, madadin Word a wannan tsari, yana buɗe fayil ɗin Word yana kuma ajiyewa a docx. Wasiƙa da takardar neman aiki ba za ka ga bambanci ba. Furojet mai shafi tamanin da jadawali da lambobin Rum a shafukan farko, nan ne ake jin jiki. Rabin matsalar ta haruffa ce. Saka waɗannan tun ranar farko: sudo apt install fonts-liberation fonts-crosextra-carlito fonts-crosextra-caladea. Liberation Serif faɗinsa ɗaya da Times New Roman, Carlito da Calibri, Caladea da Cambria, don haka layi ba ya zamewa, shafi ba ya ƙaruwa. Ga wata dabara da na daɗe ban gano ba: ko da babu Times New Roman a kwamfutarka, rubuta sunansa da hannu a akwatin zaɓen haruffa. Kai Liberation za ka gani, amma sunan yana cikin fayil, malamin da zai buɗe a Word zai tarar da Times New Roman 12 ɗinsa, ba mai mayar da ɗaliba gida a kan haka. Duk abin da bugawa kawai za a yi, ba gyara ba, mayar da shi PDF kafin ya bar hannunka. Sau ɗaya na yi sakaci na ba da docx a filashi, aka buga a wani shago, jadawali ya rabe gida biyu, ni na biya kuɗin takarda.

Masu katin biki da fosta, ku tsaya ku yi tunani sosai. Maɗaba'unmu CorelDRAW suka sani. Inkscape, madadinsa mai 'yanci, yana buɗe fayil ɗin cdr na Corel da dama, amma ba ya ajiyewa a cdr, kuma mai injin zai ce ka kawo wanda zai iya taɓawa. In zai karɓi PDF, shi ke nan. In abincinka a kan Corel yake, ba na ba ka shawarar ƙaura. Ɗalibai masu lissafin bincike suna da PSPP, yana buɗe fayil ɗin SPSS, yana yin gwaje-gwajen da aka saba, sai dai bai kai shi yawan dabaru ba, jadawalinsa ma kamanninsu daban, wani malamin yana gani zai ɗaga gira. Rajistar da ake ɗaukar zanen yatsa kuwa, irin wadda shaguna ke samun ciniki da ita, manhajarta ta Windows ce, ba zagaye-zagaye.

Burawzar Trisquel sunanta Abrowser, Firefox ce da aka yi wa aski. YouTube yana yi, WhatsApp na burawza yana yi, imel da shafin banki suna yi, taron Zoom ma ana shiga ta burawza ko da yake bai kai manhajarsa santsi ba. Netflix da Spotify ba sa yi, don suna neman wani makulli mai suna Widevine da ba a saka ba da gangan. Ba wanda zai riƙe hannunka in ka sauke Chrome ka ɗora, Trisquel ba ya hanawa, ba ya dai kawo maka. Amma in a satin farko ka ɗora Chrome da Zoom ka kuma nemo famwe ɗin Intel, wahalar banza ka sha, da Mint ka ɗora tun farko.

Akwai wani abu da masu wa'azin wannan tsari ba su cika son a taɓo ba. Ita kanta ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta Intel ko ta AMD, tana karɓar gyara daga kamfani, ana ce masa maikurokod, shi ma ƙulli ne, Linux-libre ba ya loda shi. A Janairun 2018 aka bayyana ramukan tsaro na Spectre da Meltdown, kuma wani ɓangare na toshe irinsu da wannan gyara ake yi. Hujjar FSF ita ce abin da aka gasa a cikin ƙarfe ƙarfe ne, wanda ake lodawa daga waje kuma manhaja ce, dole ta zama mai 'yanci. Ni wannan hujja ba ta gama gamsar da ni ba. Tsohon maikurokod yana nan a cikin ƙwaƙwalwar yana aiki, shi ma a ƙulle, sabon kawai ka ƙi. Abin da za ka iya yi shi ne ka sabunta BIOS tun Windows yana nan, don sabuntawar takan zo da gyaran da aka yi zuwa lokacinta. BIOS ɗin ma ai ba mai 'yanci ba ne. Masu son kaiwa ƙarshe suna maye gurbinsa da irin su Libreboot a kan ThinkPad X200 ko T400 na 2008, aikin da galibi sai an kwance kwamfuta an maƙala wa ƙwayar wani ɗan maƙali. Ban kai nan ba. Kuma duk daren da na jona wayata ta Android don in samu intanet, na san an gudu ne ba a tsira ba.

To me ya zaunar da ni? Na farko, filashin mutane. Kowa ya yi aikin buga takardu ya san cutar nan da ke ɓoye fayil ta bar maka gajerun hanyoyi na bogi. Yanzu ɗalibi yana miƙo filashi ina zurawa ba tare da bismillar tsoro ba, in ga fayilolinsa da aka ɓoye, in ga ita kanta cutar a zaune ba ta da ƙafa, in goge ta in miƙa masa. Na biyu, babu manhajar sata mai neman a kashe riga-kafi kafin a saka ta. Na uku, data: ba abin da ke sauka sai na ce ya sauka. Na huɗu, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ya karɓar ƙwaƙwalwar Intel ta ƙarni na uku irin tawa. Kwamfutar da lafiyarta ƙalau ba zan jefar ba.

Akwai kuma na biyar, wanda ban zata ba. Allon rubutun Hausa yana cikin tsarin tun asali, a saitin allon rubutu za ka zaɓe shi, ko ka rubuta setxkbmap ng -variant hausa. Ƙ da ɗ da ɓ suna fita ba tare da kwafo su daga wani shafi ba, haruffan DejaVu da Charis SIL kuma suna nuna su da kyau. Mai rubuta ajami ya nemi Alkalami, haruffan da SIL ta zana a kan salon rubutun Kano, su ma masu 'yanci ne. Ranar da na nuna wa wani dattijo mai rubuta wa'azi baitinsa a allo da irin hannun da ya koya a makarantar allo, sai da ya cire tabarau ya goge ya mayar.

In gwajin filashi ya nuna maka abu biyu ko uku a takardarka ba sa yi, akwai tsaka-tsaki, kuma ba abin kunya ba ne. Debian manhajojin babban rumbunsa duk masu 'yanci ne, amma bayan ƙuri'ar da masu haɗa shi suka kaɗa a 2022, tun daga na 12 da ya fita a Yunin 2023 yana zuwa da famwe a faifan ɗorawa, ya saka wanda na'urarka take buƙata. Wanda ba ya so yana iya ƙara firmware=never a layin tashi. FSF ba ta sa shi a jerinta, tun kafin wannan sassauci ma, ni kuwa shi na ɗora wa ƙanwata, mai laftof ɗin AMD da katin Realtek. Na fara yi mata bayanin 'yanci huɗu, ta ce, "Yaya, ni dai Wi-Fi ya kama, ina da jarrabawa." Ya kama.

In kuma komai ya yi, ka yanke shawarar ɗorawa, kar ka yi irin tawa. Kwashe fayilolinka zuwa wani faifan waje, ka buɗe guda biyar daga can ka tabbatar sun kwafu. Ka tabbatar batir a cike yake ko janareta na da mai, don ɗauke wuta a tsakiyar rabon faifai ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Mafi kyau ma, kar ka goge komai: sayi SSD ko da mai giga 128 ne, cire tsohon faifan da Windows ɗinsa a ciki, ka ɗora Trisquel a sabon. A T430 noti ɗaya ne ya riƙe murfin faifan, minti biyar ya isa. Daga baya sai da na nemo wani tsohon faifai aka mayar mini da Windows a kai saboda masu zanen yatsa da masu Corel. Yana cikin aljihun tebur a naɗe da leda, tare da ɗan sukundireba. A watan jiya sau biyu na ciro shi.